Richard Sears da Kalmar da Ta Tsare Ƙofa

Duk wanda ya buɗe jerin sunayen zakarun gasar tanis ta Amurka, wadda a yau ake farawa a New York duk ƙarshen watan Agusta, zai tarar da suna guda ya mamaye layuka bakwai na farko: Richard Sears, daga 1881 har zuwa 1887, ba wanda ya ratsa tsakani. Wasa 18 ya buga a ɓangaren mutum ɗaiɗai na gasar, ya cinye su duka, ya ajiye madokinsa ba a taɓa kai shi ƙasa a can ba. Masu rubuta tarihin wasanni sukan haɗa masa laƙabi biyu, zakaran ƙasa da kuma ɗan sha'awa, wato mai wasa don ƙaunar wasan kawai, wanda bai taɓa karɓar ko sisi a kansa ba. Laƙabin farko a kan na biyu yake jingine, domin a zamaninsa ba mai shiga gasar sai wanda aka yarda ɗan sha'awa ne. Ra'ayina shi ne wannan laƙabi na biyu ya yi kusan shekara 90 yana faɗin abu guda yana aikata wani. A baki, abin da ke zuciyar ɗan wasa yake bayyanawa. A aikace kuwa, aljihun mahaifinsa yake aunawa. Kalma mai irin wannan hali ta cancanci a zaunar da ita a tuhume ta, ko da mutumin da ya fara ɗaukarta ba shi da laifin komai.

An haifi Sears a Boston a 1861, a gidan da ya gaji dukiya tun kaka da kakanni. Shi kansa wasan ƙaninsa ne, don sai a 1874 Manjo Walter Wingfield ya yi masa rajista a Ingila, yana sayar da shi cikin akwati mai ɗauke da raga da turaku da madokai da ƙwallayen roba, ga duk mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a harabar gidansa. Ɗaya daga cikin akwatunan farko da suka tsallaka teku ya sauka a Nahant, wani garin shan iska a bakin teku kusa da Boston, inda James Dwight da Fred Sears, yayan Richard, suka kafa raga suka fara gwadawa. A wannan da'ira yaron ya koya. Kafin shekara bakwai wasan ya bazu a kulob-kulob na gabashin ƙasar, amma kowa da irin ƙwallonsa da tsayin ragarsa da hanyar ƙirgarsa, har ta kai idan 'yan Boston suka je New York sai gardama ta tashi kafin wasa. Don a daidaita wannan ne wakilan kulob-kulob suka haɗu a wani otal a New York a watan Mayun 1881 suka kafa ƙungiyar tanis ta ƙasa, kuma a ƙarshen Agustan shekarar aka yi gasar farko a Newport, jihar Rhode Island, garin da manyan attajiran Amurka ke zuwa su ci lokacin zafi. Filin shi ne Newport Casino, wanda duk da sunansa ba gidan caca ba ne. Wurin shaƙatawa ne na masu hannu da shuni da James Gordon Bennett, mai jaridar New York Herald, ya gina shekara ɗaya kafin nan.

Yana da kyau a matso a ga yadda wasan yake a ranar. Ragar ta fi ta yau tsayi a gefuna, ƙafa 4 a wajen turaku, ƙafa 3 a tsakiya, sai ta zama kamar an lotsa ta. Saboda haka 'yan wasa suna shakkar aika ƙwallo ta gefen layi inda ragar ta yi tsawo, kusan kowa yana tsaye can baya yana turo ta a karkace ta tsakiya, da yawansu ma daga ƙasa suke ɗago bugun farko. Sears, ɗalibin jami'ar Harvard mai shekara 19, mai tabarau, ya lura da abin da sauran ba su ba muhimmanci ba: tunda ƙwallon ta tsakiya za ta biyo, me zai hana ya matso gaba ya jira ta a can? Sai ya riƙa tare ta a sama kafin ta taɓa ciyawa, ya karkatar da ita dama, ta dawo ya karkatar da ita hagu, abokin karawa yana ta sintiri a bayan fili har numfashi ya ƙare masa. Da haka ya doke William Glyn a wasan ƙarshe da ci 6-0, 6-3, 6-2. A gasa uku na farko ko turmi ɗaya ba a ci shi ba. Wannan basira ce ta gaske, irin ta mutumin da ya kalli ƙa'idar wasa ya ga wata kafa a cikinta, kuma ba na son abin da zan faɗa nan gaba ya dushe ta.

To amma su wa ke filin? Ba su kai mutum 30 ba, a ƙasar da ƙidayar 1880 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 50, kuma sai ɗan kulob ɗin da ke cikin ƙungiyar ke da damar sa suna. A nan kalmar ta fara aikinta. Asalinta kalmar Turanci ce, Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci, tushenta kuma a Latin mai ƙauna yake nufi, ma'ana mai daɗin ji wadda ba mai jayayya da ita. Sai dai ƙauna ba abar da sakataren kulob zai iya gani ba ce. Ba shi da ma'aunin da zai sa a ƙirjin mutum ya san ko don so yake gudu ko don kuɗi. Abin da zai iya bincika shi ne ko mutumin ya taɓa karɓar lada, don haka ƙa'idar ta koma can: ɗan sha'awa shi ne wanda bai taɓa cin abinci da wasa ba, ko ta bugawa ko ta koyarwa. Daga nan ma'anar ta zame daga “mai so” zuwa “wanda ba ya bukata”, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin gidajen bakin teku na Newport da masaƙun da ke 'yan mil kaɗan daga nan. Tanis na son yini a buɗe, da ciyawar da wani ke yankewa yana ba ta ruwa, da kuɗin kulob, da halin barin gida mako guda ba tare da tukunya ta sauka daga murhu ba. A watan Mayun 1886, shekarar da Sears ya ci kofinsa na shida, dubban ma'aikata a Chicago da wasu birane sun shiga yajin aiki suna neman a rage musu yini zuwa awa takwas, domin awa goma ko fiye, kwana shida a mako, shi ne abin da aka saba. Mutumin da ke wannan hali yana iya son wasa kamar ransa, amma kalmar ba ta da wurin da za ta sa shi.

A Ingila ma ba a ɓoye abin ba. Ƙa'idar masu tseren kwalekwale ta wancan zamani ta fito fili ta ce makaniki da mai sana'ar hannu da lebura ba 'yan sha'awa ba ne, ko da ba su taɓa karɓar kwabo a kan tsere ba, kuma wannan sharaɗi ya ci gaba da aiki har ƙarshen shekarun 1930. A wasan kurket, 'yan sha'awa da masu albashi na ƙungiya ɗaya sukan sa kaya a ɗakuna daban, a wasu filaye ma ta ƙofofi daban suke fitowa. Tanis ɗin Amurka bai rubuta nasa da wannan gatsali ba, amma akwai mutum guda a harabar Newport Casino da rayuwarsa ta isa hujja. Tom Pettitt haifaffen Ingila ne, ya zo Boston yana saurayi ba shi da komai, ya samu aikin yaron ɗakin sa kaya a wani filin tsohon tanis, wato na cikin gini, wanda sarakunan Faransa da Ingila suka yi ƙarnuka suna yi, inda ƙwallo ke dukan bango da rufin baranda ta dawo. A wurin hidima ya koyi wasan, har a 1885 ya je Hampton Court ya doke George Lambert ya zama zakaran duniya. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Newport lokacin zafi, yana koyar da 'ya'yan attajirai. Wato a daidai shekarun da ake naɗa Sears zakaran ƙasa, zakaran duniya na wasan da ya haifi tanis yana cikin ma'aikatan wurin, kuma ba shi da ikon sa sunansa a gasa. Ba ina cewa da ya shiga da ya ci ba. Wasannin biyu sun bambanta, kuma gardamar abin da bai faru ba ba ta da amfani. Abin tambaya shi ne, tsakanin yaron da ya fara daga ɗaukar tawul ya kai ƙololuwa da wanda aka kawo wa akwatin wasa har gida, da wace hujja za a ce ɗaya mai ƙaunar wasa ne ɗaya kuwa ba shi ba?

Hujja ta farko da za a iya kawowa ita ce wannan auna jiya ne da mudun yau. Wasa ne sabo, 'yan tsiraru ne suka san shi, ba wani taron talakawa da ya tsaya a ƙofar Newport aka kore shi. Waɗanda suka kawo wasa su suka shirya gasarsu, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi wasa da abokansa. Akwai gaskiya a nan, kuma da abin ya tsaya a 1881 da ban ɗauki alƙalami ba. Da sun kira taronsu gasar kulob-kulob na gabas, ba mai cewa uffan. Amma sun kira shi gasar ƙasa, sannan kalmar da suka kafa a ƙofa ba ta tsaya ga bambanta mutane ba, hukunci take yankewa. Duk wanda ya karɓi lada an ɗauke shi kamar ya ɓata, kuma ɓacin ba ya wankuwa. Da wasanni suka yaɗu, masu ƙaramin ƙarfi suka iso da gaske, sai haƙoran kalmar suka bayyana. Jim Thorpe, ɗan asalin ƙabilun Amurka na farko, ya ci lambobin zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, aka ƙwace su a 1913 saboda an gano ya taɓa buga ƙwallon baseball a wata ƙaramar ƙungiya don 'yan daloli, kuma ba a mayar da su ba sai bayan kusan shekara 30 da mutuwarsa. A tanis kuwa, tunda hanyar gasa ta cikin kulob take bi, kulob kuma shi ke zaɓen wanda zai karɓa, baƙaƙen fatar Amurka sai da suka kafa tasu ƙungiyar a 1916. Althea Gibson ce ta fara shiga gasar ƙasa daga cikinsu, a 1950, shekara 69 bayan wasan Sears da Glyn. Ba a buƙaci rubuta launin fata a ƙa'ida ba. Tsarin da aka gina tun farko ya wadatar.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce na fi girmamawa. Masu kare tsohon tsari suna cewa kuɗi na lalata wasa, kuma ba a banza suka ji tsoro ba. A 1877, shekara huɗu kafin gasar Newport, an kori 'yan ƙwallon baseball huɗu na ƙungiyar Louisville har abada saboda sayar da wasanni ga 'yan caca, kuma a 1919 irin wannan abin kunya ya sake faruwa a Chicago a gasa mafi girma ta ƙasar. Mutane irin su Dwight, likita wanda ya shafe shekaru masu yawa yana shugabantar ƙungiyar tanis, sun so wasan da ɗan wasa zai faɗi gaskiya a kan ƙwallon da ta faɗa layinsa ko da hakan zai kayar da shi. Wannan buri ne mai kyau, kuma duk wanda ya ga yadda caca ke bin wasannin yau ba zai raina shi ba. Matsalar ita ce maganin bai dace da cutar ba. Abin da ke lalata wasa kuɗin ɓoye ne, wanda ake biya don a faɗi. Ladan fili da ake ba wanda ya yi nasara wani abu ne daban. Bahaushe ya san wannan a filin dambe, wasan da mahauta suka riƙe tun da daɗewa: ana miƙa wa ɗan dambe kyauta a bainar jama'a, makaɗi na wasa shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa kyautar ta nuna ba ya son damben. Ta hanyar haramta ladan fili, tanis ya tura kuɗi ƙarƙashin tebur. Da 'yan kallo suka yawaita, ƙofa ta fara tara dukiya, sai masu shirya gasa suka riƙa biyan manyan 'yan wasa da sunan kuɗin hanya da masauki, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. A 1928 ƙungiyar Amurka ta dakatar da Bill Tilden, gwarzon zamaninsa, saboda ya rubuta wa jarida rahoton gasar Wimbledon an biya shi. Faransawa kuwa sun gina sabon filin Roland Garros don karawar Kofin Davis, kuma sun san in ba Tilden kujeru ba za su cika ba, sai maganar ta kai ga jakadan Amurka a Faris ya sa baki. Aka ɗage dakatarwar ya buga, ya koma gida aka mayar da ita, ya rasa gasar ƙasa ta wannan shekarar. Ƙa'idar da ake ɗagawa idan tikiti na cikin haɗari, a sauke ta idan an gama ƙirga kuɗi, ba tsarkin wasa take karewa ba.

Saura hujja ta uku, cewa duk wannan rage wa Sears daraja ne, mutumin da bai rubuta ƙa'idar da ta hana kowa ba lokacin da ya fara, kuma ya doke duk wanda aka tsayar a gabansa. Gaskiya ne ɗan wasa ba ya zaɓen zamaninsa. Adalci gare shi shi ne a faɗi girman abin da ya yi yadda yake. Daga 1884 aka shigo da tsarin da ke ba mai riƙe da kofi damar zama ya huta, sauran su fafata har a fitar da gwani guda, sannan ya ƙalubalance shi. Don haka kofunansa huɗu na ƙarshe da wasa huɗu kacal ya same su, a kan Howard Taylor da Godfrey Brinley da Livingston Beeckman da Henry Slocum, kowannensu ya iso bayan ya sha gumurzu na kwanaki. Ba a soke wannan tsari ba sai 1912. Haka kuma a waɗancan shekaru cibiyar wasan tana Ingila, inda William Renshaw ya ci Wimbledon sau shida a jere daga 1881 zuwa 1886, kuma shi da tagwayensa Ernest sun fi ƙarfin Amurkawan da suka tsallaka suka gwada su. Duk da haka, shekara bakwai ba tare da rana ɗaya ta ɓaci ba abu ne mai wuya a kowane fili, ga kuma kofuna shida a jere na wasan 'yan bibbiyu daga 1882 zuwa 1887, biyar tare da Dwight, ɗaya tare da Joseph Clark. Mutum biyu ne kawai suka kamo shi a yawan kofuna bakwai, William Larned da Tilden, kuma ba wanda ya jera su kamar shi. Ya bar gasa yana ɗan shekara 25 saboda ciwon da ya samu a wuya, ya shugabanci ƙungiyar na ɗan lokaci, sannan ya koma tsohon tanis na cikin gini, wasan Pettitt, ya zama zakaran 'yan sha'awa na ƙasa a 1892. Mutumin da ya riga ya cika kabad da kofuna, ya sake komawa ɗalibi a wani wasa mai wuyar koyo wanda ba mai kallo sai 'yan kaɗan, ni na yarda son wasa ne ya kai shi. Sai dai wannan shaida daga rayuwarsa ta fito. Laƙabin bai ƙara mata komai ba, don da irin wannan laƙabi ake kiran duk wani ɗan attajiri da ya shiga gasa saboda ba shi da abin yi da yamma.

Sears ya rasu a 1943, kalmar tana nan da ranta. Sai a ƙarshen 1967 hukumar tanis ta Birtaniya ta gaji da riya ta yanke shawarar shafe bambancin, hukumar duniya ta bi baya a watan Maris na 1968, aka buɗe manyan gasa ga kowa. A watan Satumban shekarar, a Forest Hills da ke New York inda gasar ta koma tun 1915, Arthur Ashe ya doke Tom Okker na ƙasar Holan a turmi biyar ya zama zakaran buɗaɗɗiyar gasar Amurka ta farko. Ashe baƙar fata ne daga Richmond ta jihar Virginia, mahaifinsa mai kula da wani filin wasa ne da aka ware wa baƙaƙe, kuma ta hanyar waccan ƙungiya ta 1916 ya taso. A lokacin hafsan soja ne, kuma yana riƙe da matsayin ɗan sha'awa don kada ya rasa damar buga wa ƙasarsa Kofin Davis, wanda bai riga ya buɗe ƙofa ba. Saboda haka ladan zakara, dala 14,000, Okker da aka doke aka miƙa wa. Ashe ya tashi da kuɗin guzuri na dala 20 a rana. Ƙa'idar da aka tsara a kan rayuwar mutanen da ba su taɓa bukatar lada ba ta yi aikinta na ƙarshe a wannan gasa a kan ɗan ma'aikaci wanda ladan zai yi wa amfani, kuma ba wanda ya kalli wasan ranar ya yi zaton kuɗin zai rage masa son tanis.